Waifai na gidanmu a Agege: littafin bin sawun matsala

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Tun bayan Babbar Sallah waifai na gidan nan ya ƙi zama. Yau da la'asar Hajiya ta kira ta bidiyo daga Funtuwa don ta ga yara. Sau uku hoto yana daskarewa, a na huɗu ya yanke gaba ɗaya. Na sake kiranta ta layin waya, na ce, "Ku yi haƙuri Hajiya, sabis ne." Ta ce, "Bar shi haka nan, na dai ji muryarsu." Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san fuskar auta take son gani, wanda rabonta da shi tun yana rarrafe.

Ba Hajiya kaɗai abin ya shafa ba. Maman yara a kan waya take sana'arta, atamfa da leshi da turaren wuta, kullum tana ɗora hotuna a WhatsApp tana jiran masu tambayar farashi. Babbar 'yarmu tana da darasin hadda ta intanet bayan magariba. Ni kuma lissafin wasu dillalan tumatir da albasa na kasuwar Mile 12 nake riƙewa, da dare nake shigar da alƙaluma in tura wa masu kaya a Arewa.

Rautarmu, wato na'urar da ke raba waifai a gida, irin mai cin layin waya ce, ta 4G, shekararta uku a gidan. Tana cikin kabad ɗin talabijin a falo. Gidan bene ne mai sassa shida, namu a ƙasa ta baya, bango duk bulo da siminti. Kwana goma ke nan maganinmu ɗaya ne, a kashe a kunna. Daga yau na daina. Na ajiye littafi da biro a kan tebur, na roƙi kowa idan ya ɗauke ya rubuta lokaci, da ɗakin da yake, da ko wutar gari ce ko janareta, da launin fitilun rauta a lokacin.

Laraba, 18 ga Yuni

Kwana biyu, an rubuta sau 14, ban da ɗaukewar wuta wadda ita kowa ya san dalilinta. Da na zauna na karanta sai na ga abin da muke kira "sabis ya ɗauke" ba abu ɗaya ba ne, kala uku ne.

Wani lokaci sunan waifai ɗin ne yake ɓacewa daga wayoyi baki ɗaya, sai bayan kamar minti biyu ya dawo da kansa. Wani lokaci sunan yana nan, waya tana haɗe, amma komai na jan ƙafa, kuma wannan kusan duk da dare ne, a ɗakin kwana da ɗakin yara. Sai kuma wanda alamar waifai take cike fal, kana tsaye a gaban rauta, amma ko saƙo ɗaya ba ya fita.

Abin da ya sa muke cakuɗa su shi ne mun saba ɗaukar waifai da intanet a matsayin abu ɗaya. Tafiyar zango biyu ce. Daga wayarka zuwa rauta, wannan shi ne waifai, kuma a cikin gidanka yake. Daga rauta zuwa turken sadarwa na kamfani, wannan wata hanya ce daban. Kamar mai kaya ne da zai hau keke daga gida zuwa tasha, sannan ya hau babbar mota. Idan kaya ba su iso ba, sai an san a wace ƙafar tafiyar aka tsaya kafin a ɗora wa wani laifi.

Asabar, 21 ga Yuni

Yau na samu sarari na yi gwajin da zai raba mini zangunan biyu. Na kunna kwamfuta, na buɗe tagar umarni guda biyu. A ta farko na rubuta ping 192.168.0.1 -t, wato adireshin rautarmu kamar yadda yake a takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Wasu rautocin 192.168.1.1 ne nasu. A ta biyu na rubuta ping 8.8.8.8 -t, wanda adireshi ne na Google a can waje. Aikin ping shi ne ya yi sallama kowace daƙiƙa ya jira amsa, ya faɗa maka tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Idan rauta tana amsawa amma na waje ya yi shiru, matsala tana tsakanin rauta da kamfani. Idan ita kanta rautar ba ta amsa ba, to a cikin gida abin yake.

Na bar su suna gudu daga hantsi har bayan isha. A falo da rana rauta tana amsawa cikin milisakan 2 zuwa 4 (milisakan shi ne ɗaya bisa dubu na daƙiƙa). Da na koma ɗakin kwana wajen ƙarfe tara na dare, amsar ta riƙa tsalle, 30, 400, wani lokaci shiru. Na dawo falo na haɗa kwamfutar da rauta ta kebul, nan take ta koma milisakan 1. Ke nan jan ƙafar dare a iska yake, tsakanin ɗaki da falo, kamfani ba shi da hannu a ciki.

Sau biyu kuma, ƙarfe 11:20 na safe da 5:05 na yamma, tagogin biyu suka yi shiru tare. A na biyun ina kan kebul ne, amma bai hana ba. Wannan ya ɗaure mini kai, domin kebul ba ruwansa da iska.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na shiga shafin rauta ta burauza na duba jerin na'urorin da ke haɗe. Mu a gidan nan muna da 7: wayoyi huɗu, kwamfuta, talabijin, da ƙaramin allon karatun yara. Jerin ya nuna 19.

Ba sata ba ce. Ranar Sallah gidan ya cika da baƙi da yaran maƙwabta, duk wanda ya tambayi kalmar sirri an ba shi, daga nan ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Waya kuwa idan ta taɓa shiga sau ɗaya, duk sanda ta jiyo sunan za ta koma da kanta ko mai ita bai sani ba. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: wayar da take can nesa, a bakin ƙofar gida ko a saman bene, ta fi cutar da kowa, domin rauta tana rage gudu don ta ji ta, kuma duk lokacin da take fama da ita sauran suna jiran layi ne.

Ban so in sauya kalmar a ɓoye ba. Shekara shida muna tare da mutanen nan, ranar da maman yara ta fara naƙudar auta da tsakar dare maƙwabcinmu na sama ne ya fito da motarsa. Bayan la'asar na hau na same shi na yi masa bayani. Ya ce, "Haba Malam, ai da ka sauya kawai, wallahi ban ma san yaran suna ciki ba." Na ce masa idan na gama gyara zan ware musu wata ƙofa ta baƙi, saboda ɗansa yana shirin jarrabawa. Da dare na sauya kalmar, na tabbatar tsaron yana kan WPA2, wato tsarin kulle waifai da kalmar sirri, na kashe WPS, hanyar shiga ba tare da rubuta kalmar ba.

Talata, 24 ga Yuni

An samu sauƙi, amma darasin hadda na jiya ya yanke sau ɗaya, kuma muryar malamar tana karkarwa.

Na sauke manhajar duba waifai a wayata ta Android na zagaya gidan bayan isha. Daga ɗakin kwana kaɗai na ƙirga sunaye 23. Nan na tuna marigayi mahaifinmu da rediyonsa, yadda yake murɗa gajeren zango da asuba yana neman sashen Hausa, tasha tana hawa kan tasha, sai ya karkata eriya ya rage numfashi kafin murya ta fito sarai. Ashe abin da ke faruwa a ɗakina ke nan, sai dai kunne ba ya ji.

Waifai yana aiki a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bango, shi ya sa kowa yake kansa, har da lasifikokin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci. An raba shi tashoshi 13, tsakanin kowace tasha da ta kusa da ita megahaz 5 ne kawai, alhali siginar rauta ɗaya tana cin faɗin megahaz 20. Saboda haka tashoshi uku ne kaɗai ba sa taka juna: 1 da 6 da 11. Tamu na same ta a kan 4, inda ta zaɓa wa kanta, kuma da faɗin 40, wato ta baje ta kwanta a kan kusan rabin zangon, tana shan hayaniyar masu 1 da masu 6 gaba ɗaya.

Da farko na yi niyyar neman tashar da ba kowa, kamar 3 ko 9. Sai na fahimci kuskure ne. Rautoci biyu idan suna tasha ɗaya suna jin juna, ɗaya tana jira ɗaya ta gama, kamar majalisar dattawa da ake ba juna dama. Idan kuwa suna maƙwabtan tashoshi, ba sa fahimtar juna, hayaniya kawai suke zuba wa juna kamar lasifikar biki biyu a layi ɗaya. Gara ka zauna tare da mutane a 11 da ka raɓe a 9.

A ɗakinmu 11 ce ta fi sauƙin cunkoso, kuma masu ita siginarsu ba ta da ƙarfi. Na mayar da mu can, na rage faɗi zuwa 20. Na kuma raba sunayen zangunan biyu, domin da suna ɗaya suke amfani da shi, waya tana ta kai-komo a tsakaninsu. Talabijin da kwamfuta na ɗora su a kan 5 tunda a falo suke.

Alhamis, 26 ga Yuni

Manhajar tana nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi, wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi. A falo ina samun -48. A ɗakin yara -74, a ɗakin kwana -79. Don kiran bidiyo ya tsaya da ƙafarsa ana son kada a wuce -67. Lambar tana da yaudara, domin duk ragin 3 rabin ƙarfin ne ya tafi, ragin 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ne ya rage.

Na tsaya na kalli inda muka ajiye rautar da idon basira. Tana cikin kabad, talabijin a gabanta, firji a bayan bangon da take jingine, sannan durom ɗin ruwan da muke tarawa a lungun kicin yana daidai kan hanyar zuwa ɗakuna. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta. Da na taɓa ta kuma na ji ta yi zafi, ramukan shan iskarta sun toshe da ƙura. Na goge ta, na fito da ita, na rataye ta a saman bangon baranda ta ciki, tsakiyar gida. Ɗakin kwana ya koma -61, ɗakin yara -58. Na yi murna.

Murnar ba ta kai awa ɗaya ba. Waifai ya yi ƙarfi ko'ina, amma intanet ya koma kamar tafiyar hawainiya. A shafin rauta akwai lambar da ke nuna ƙarfin abin da take jiyowa daga turken kamfani, an rubuta mata RSRP. A falo kusa da taga -96 ne, a baranda ya faɗi zuwa -112. Na gyara zangon gida na ɓata na waje. Rautar da ke cin layin waya bukatu biyu take da su masu karo da juna: turke yana son ta a bakin taga, mutanen gida suna son ta a tsakiya.

Na bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ina jira minti biyu-biyu. Tagar falo mai kallon titi ta fi, -91, idan na ɗaga ta sama daidai tsakanin ƙarafan taga. Can na bar ta a kan ɗan katako. Ɗakuna sai dai in nemo musu wata dabara.

Talata, 1 ga Yuli

An kwana ana ruwa, da safe ma bai tsaya ba. Daga ƙarfe shida zuwa kusan tara rauta tana amsa ping lafiya lau, 8.8.8.8 shiru, fitilar sabis ja. Wayata da ke kan layin kamfani ɗaya ita ma babu. Wannan shi ne kala na uku, kuma ba abin da zan taɓa a gida ya gyaru. Na kira su na ba da rahoto, wajen ƙarfe tara ya dawo. Ya tuna mini 14 ga Maris, 2024, ranar da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka yi ta kashe rauta suna kunnawa alhali abin yana can cikin teku. A littafinmu irin wannan sau 2 ne kacal cikin mako biyu.

Asabar, 5 ga Yuli

Saura ɓacewar suna, wadda ita ce ta yanke kiran Hajiya, kuma har yanzu tana zuwa sau biyu ko uku a rana. Na sabunta manhajar cikin rauta ranar Laraba, bai hana ba. Na fara tunanin ta tsufa ne, har na tambayi farashin sabuwa.

Yau da safe ina cikin shafinta sai idona ya faɗa kan wani layi da ban taɓa kula da shi ba, mai nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. An rubuta minti 38. Alhali tun asuba akwai wuta, ba wanda ya taɓa ta. Ke nan ba sigina ce take ɓacewa ba, rautar ce take mutuwa ta sake tashi, kuma minti biyun da muke jira lokacin tashinta ne. Shi ya sa kebul ma bai tsira ba ranar 21.

Na ɗauko littafin na karanta wa maman yara lokutan da ƙarfi: bakwai saura na safe, sha ɗaya da wani abu, biyar na yamma. Tana yanka alayyafo ta ce, "Abban yara, ai waɗannan lokutan da Baba mai gida yake tayar da injin ruwa ne. Ba ka lura ƙwan kicin yana yin ƙasa ya dawo ba?" Ni ban lura ba, domin yawanci ba na gida. Ita kuwa da wannan ƙarar take sanin lokacin tara ruwa.

Da yamma na sauka na gaishe da Baba, na roƙe shi ya bari in tsaya a gaban rauta lokacin da zai kunna injin burtsatsen. Babbar 'yarmu ta tsaya a ƙofa tana ba ni alama. Yana dannawa ƙwan falo ya dushe kamar ƙiftawar ido, fitilun rauta suka mutu gaba ɗaya, suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji. Injin lantarki idan zai tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci idan ya daidaita, sai ƙarfin wutar gidan ya faɗi na ɗan lokaci. Amma injin nan shekara da shekaru yana aiki, talabijin ba ya mutuwa, rautar ma da ba ta mutuwa. Me ya sauya bayan Sallah?

Na ciro adaftar daga soket na haska ta da tocila. An rubuta 12V, 1A, wato bolt 12, amfiya 1. Na juya rautar, takardarta ta ce 12V, 1.5A take bukata. Na leƙa bayan talabijin, sai ga adaftar rauta ta asali a jikin dikoda. Jajibirin Sallah da muka kwashe kayan falo don shimfiɗa wa baƙi, ni na mayar da wayoyin. Duka biyun baƙaƙe ne, bakinsu iri ɗaya, kowacce ta shiga ramin 'yar'uwarta ba gardama. Na mayar da kowacce gidanta.

Litinin, 7 ga Yuli

Jiya da yau injin ruwa ya tashi sau shida, rauta ba ta motsa ba. Lokacin kunnuwarta ya kai awa 19 kafin a ɗauke wuta.

Na biya Computer Village a Ikeja da rana, wajen wani matashi ɗan Kano da yake gyara mini waya. Na tafi da adaftar dikodar don in san gaskiyarta. Ya ɗora mata mita ba tare da komai a jikinta ba, ta nuna 12.1. Na ce to ai lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Yaya, a haka kowace adafta jaruma ce, bari a ɗora mata kaya." Ya haɗa mata wani ƙaramin ƙwan fitila, lamba ta zube zuwa 10.3 tana rawa. Ya fasa ta ya nuna mini wata 'yar gwangwani a ciki da kanta ya kumbura. Ita ce take riƙe ɗan guzurin wuta da adafta ke cike giɓi da shi idan wuta ta yi ƙasa, kuma zafi yana busar da ita da shekaru. Ga ƙaranci, ga tsufa.

Ya ƙara mini da abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Lambar bolt dole ta zama daidai da wadda aka rubuta a jikin na'ura. Lambar amfiya kuwa ta adafta ta kai ko ta wuce, na'ura abin da take bukata kawai za ta ja. Sannan a duba ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin ne mai alamar tarawa, domin idan aka juya ana iya ƙona na'urar.

Na sayi sabuwar adafta don dikoda, da kebul na intanet mita 15 wanda ya matse mini kawunansa a gabana ya gwada, da ƙaramin batirin ajiya na rauta mai fitar da bolt 12.

Laraba, 9 ga Yuli

Batirin yana tsakanin soket da rauta. An ɗauke wuta sau uku jiya, mun juya zuwa janareta, ba wanda ya yanke. Da can kowace juyawa minti biyu ce ta tafi, wani lokaci biyar idan rauta ta yi jinkirin kama turke. Na bar shi ya ƙare don in san iyakarsa, ya riƙe ta awa huɗu da 'yan mintuna.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ƙanena ya kawo mini tsohuwar rautarsa da ya daina amfani da ita, irin wadda ba ta cin layi. Dabarar ita ce mai layi ta zauna a taga inda turke yake son ta, kebul ya ɗauko intanet zuwa baranda, tsohuwar ta raba wa ɗakuna. Na fi son haka da na'urar ƙara sigina da ake soka wa a soket, domin ita da iska take karɓa da iska take bayarwa, gudu yana raguwa, ga shi iskar unguwarmu ta riga ta cika. Kebul kuwa har mita 100 yana kai wa ba tare da ya gaji ba. Muka bi da shi ta saman bango da ƙananan ƙusoshi.

Muna haɗawa gidan gaba ɗaya ya rikice. Wata waya ta shiga, wata ta ce ta haɗu amma babu intanet, shafin rauta kuma in na buɗe sai ya kai ni na tsohuwar. Dalili shi ne duka biyun 192.168.0.1 suke amsawa, kuma kowacce tana raba wa wayoyi adireshi, kamar gida ɗaya da masu rabon ɗaki biyu. Na cire kebul ɗin, na shiga tsohuwar ita kaɗai, na ba ta 192.168.0.2, na kashe mata DHCP wanda shi ne mai rabon adireshin, na tabbatar babbar ba za ta ba wani wannan lambar ba, sannan na soka kebul a ramin LAN, na na'urorin cikin gida, maimakon WAN, na shigowar intanet daga waje. Komai ya lafa.

Ta taga tana kan tasha 11, ta baranda na sa ta a 1 don kada su taka juna. Ɗakin kwana -57, ɗakin yara -55. Na buɗe ƙofar baƙi a ta taga da kalmar sirri daban, na rubuta a takarda na ba maƙwabcina hannu da hannu, muka yi magana a kan wayar ɗansa ɗaya ce za ta shiga.

Juma'a, 18 ga Yuli

Wani sabon abu, ƙarami. Sau biyu a makon nan sunan zangon 5 ya ɓace na kamar minti ɗaya, na 2.4 yana nan, lokacin kunnuwar rauta bai koma sifili ba. Na duba rajistar da take ajiyewa, ta rubuta cewa ta jiyo radar ta bar tasha 100.

Wani sashe na zangon 5, daga tasha 52 zuwa 140, waifai aro yake yi, akwai na'urorin radar da suka riga shi zama a wurin, har da na hasashen yanayi. Ƙa'ida ita ce da rauta ta ji abin da ya yi kama da radar dole ta tashi, kuma kafin ta zauna a wata irin tashar sai ta yi shiru ta saurara na aƙalla minti ɗaya. Mu kuwa a Agege jirage ta kanmu suke bi zuwa filin jirgin Murtala Muhammed, don haka ban ga amfanin zama a wurin aro ba. Tashoshi 36, 40, 44 da 48 ba su da wannan sharaɗin. Na kafe ta a 36.

Asabar, 26 ga Yuli

Daga 19 ga wata zuwa yau abu ɗaya aka rubuta a littafin, ranar Laraba da dare lokacin ruwan sama mai iska, kuma ping ya nuna daga waje ne. Darasin hadda bai yanke ba ko sau ɗaya, yarinyar ta shiga sabon hizbi. Maman yara ta ce hotunan leshi guda 30 sun hau kafin ta gama ninke na farko.

Jiya bayan sallar Juma'a na kira Hajiya ta bidiyo daga ɗakin yara. Muna cikin magana Baba ya tayar da injin ruwa, na ga ƙwai ya dushe, hoto bai ko girgiza ba. Minti 41 muka yi. Auta ya nuna mata haƙoransa, ya kawo mata takalminsa har gaban waya, tana ta dariya tana cewa, "Kai, wannan ai kakansa ne sak."

Abu biyu suka rage. Rana tana dukan tagar falo daga ƙarfe uku, rautar tana ɗumi fiye da yadda nake so, kuma idan zafin Fabrairu da Maris ya zo zai fi haka, don haka zan sa kafinta ya yi mata 'yar rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Sannan lambar turke tana sauka zuwa -99 duk sanda aka rufe labule mai kauri da gilashi. Rautar tana da ramuka biyu a baya na eriyar waje. Ranar Litinin zan tafi da ita Ikeja a gwada bakin da ya dace da su, kuma na riga na yi wa Baba magana a kan kafa ɗan ƙarfe a bangon da ke kallon titi, ya ce in bari sai an yi kwana biyu ba ruwa.